Yadda Ake Shirya Gasar Kacici-kacici ta Ilimin Yau da Kullum: Jagora ga Malamai da Ƙungiyoyin Matasa a Zariya

Da wuya a sami makarantar sakandare ko Islamiyya a Zariya, daga cikin Birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, wadda ba ta taɓa shirya gasar kacici-kacici ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa ma sukan yi tasu a lokacin dogon hutu ko a cikin kwanakin Sallah. Duk wanda ya saba halartar irin wannan taro ya san cewa mafi yawan rigimar da ke tashi a cikinsa daga takardar tambayoyi take fitowa, domin sau da yawa akan jefa wa yaro tambayar da take da amsa biyu, ya faɗi ɗaya daga ciki, a ce masa ya faɗi. Yaron da aka yi wa haka a gaban jama'a yakan daɗe bai manta ba, wani ma daga ranar yake sallama gasa gaba ɗaya. Saboda haka wannan jagora ta fi ba da ƙarfi ga yadda za a samar da tambayar da amsarta ɗaya ce tak, a fannoni biyar da aka fi yawan taɓawa: bukukuwa, lissafin lokaci, fasahar zamani, lambobin yabo da wasanni.

Mataki na farko: sanin masu fafatawa da yin lissafi

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, sai kwamitin shiri ya zauna ya tsayar da waɗanda za su fafata. Tambayar da ta dace da ɗalibin ajin ƙarshe na babbar sakandare za ta yi wa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare nauyi, kuma haɗa su a zagaye guda zalunci ne ga ƙaramin. A nan ne kuma za a yanke shawarar harshen da za a yi gasar da shi. Idan da Hausa za a yi, to da Hausa za a rubuta tambayoyin tun daga tushe, kada a bari sai an hau dandamali mai jefa tambaya ya riƙa fassarawa da ka, domin a wajen fassarar gaggawa ne ma'ana take karkacewa.

Daga nan sai lissafi. A ɗauka rukuni shida ne za su kara, kowane rukuni da mutum uku, kuma za a ba kowannensu tambaya biyu a kowane fanni. Fanni biyar sau tambaya biyu sau rukuni shida ya ba da tambaya 60. A ƙara 15 na ajiya, saboda wadda za a soke da kuma raba gardama idan an yi kunnen doki, ya zama ana bukatar 75. Kowace tambaya, daga karanta ta zuwa rubuta makinta a allo, takan ci kusan minti ɗaya, ke nan gasar kanta awa guda ce da 'yan mintuna, idan aka haɗa da addu'ar buɗewa da jawabai da rabon kyaututtuka ta kai awa biyu. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da hantsi, wajen ƙarfe goma, a tashi kafin azahar. Tsakanin la'asar da magariba lokaci ne ƙanƙane, musamman da sanyi, kuma taron da aka fara a lokacin yakan ƙare ne cikin gaggawa.

Mataki na biyu: tattara tambayoyi fanni-fanni

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ya kamata ya ci mafi yawan kwanakin shiri. Shawarata ita ce a kowane fanni a fara daga gida, a fita zuwa Najeriya da maƙwabta, sannan a tsallaka duniya. Ba daidai ba ne yaro ya haddace sunan bikin da ake yi a Brazil alhali bai san sunayen gidajen sarautar Zazzau huɗu ba, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Bukukuwa. A ɗauka mai jefa tambaya ya ce, "A rana ta nawa ta Sallah ake yin Hawan Daushe?" Yaron da ya tashi a Ƙofar Doka zai ce rana ta uku, domin a Zazzau ana fara Hawan Sallah, washegari a yi Hawan Bariki, sannan a rufe da Hawan Daushe. Amma yarinyar da iyayenta suka dawo daga Kano za ta miƙe ta ce, "Malam, a wajenmu washegarin Sallah ake yinsa, kafin Hawan Nasarawa," kuma ita ma gaskiya ta faɗa. Gyaran bai wuce ƙara kalma uku ba, a ce "a masarautar Zazzau". Wannan ita ce ƙa'idar farko a fannin bukukuwa: a ambaci wurin, domin suna ɗaya yana iya ɗaukar al'ada daban a gari daban.

Bayan hawan Sallah akwai abin tambaya mai yawa a cikin shekarar Bahaushe, kamar Cika-ciki a watan Muharram, da tashe da yara kan fara idan azumi ya kai kwana goma, da Sallar Gani ta Daura, da Takutaha ta Kano. Idan aka fita waje kaɗan, bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi yana ba da tambayoyi masu tsafta: an faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ana yinsa a kogin Matan Fada, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Hawan Sallar Kano ya shiga wannan jeri a 2024. Bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, wanda aka yi a 1977, yana da tarko guda: a Legas aka yi bikin, amma hawan dawakinsa a Kaduna aka yi shi, don haka sai a fayyace wanne ake nufi. Daga Jamhuriyar Nijar ana iya kawo bikin Bianou na Agadas. Bukukuwan nesa, irin su Diwali na Indiya, ɗaya ko biyu sun isa.

Lissafin lokaci. A ganina wannan shi ne fanni mafi daɗi, domin yana sa yaro ya yi tunani maimakon ya zazzago hadda kawai, amma kuma shi ne ya fi yawan tarko. A fara da tambayar da ake yawan ji: "Mene ne bambancin awa tsakanin Najeriya da Ingila?" Ba ta da amsa ɗaya. Agogon Najeriya yana gaba da agogon GMT da awa guda duk shekara, ba ya motsi, amma Ingila takan tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ke nan a watan Yuli agogonmu da nasu ɗaya ne, a watan Janairu kuwa mun riga su da awa guda. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo sun san haka a aikace, tunda lokacin take wasa yakan sauya musu sau biyu a shekara. Ko dai a ambaci watan a cikin tambayar, ko kuma a zaɓi ƙasar da ba ta taɓa agogonta: Saudiyya tana gaba da mu da awa biyu, Ghana tana baya da awa ɗaya, Nijar kuwa agogonmu ɗaya da ita. Don zagaye mai wuya ana iya tambayar ƙasar da agogonta ya wuce GMT da awa biyar da rabi, wato Indiya, ko shekarar da ƙasashe suka taru a Washington suka amince a riƙa auna lokaci daga Greenwich da ke Landan, wato 1884.

Kalanda ma haka take. Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, wanda shi ne dalilin da ya sa azumi yake zagaya damina da sanyi da bazara, har ma bisa lissafi ake sa ran Ramadan zai kama sau biyu a cikin shekarar 2030. Saboda haka tambaya irin "Ranar nawa ga wane watan Bature ake Babbar Sallah?" ba ta da gurbi a gasa. Abin da za a tambaya shi ne ranar a watan Musulunci, wato 10 ga Zulhijja. A kuma lura da bambanci tsakanin shekarar da aka yi Hijira, wadda ta yi daidai da 622 Miladiyya, da lokacin da aka tsayar da ita a matsayin mafarin kalanda, wanda ya faru a zamanin halifancin Sayyidina Umar. Tambayoyi biyu ne daban, kada a cakuɗa su.

Game da kalandar Miladiyya, kusan kowane ɗalibi ya san cewa duk bayan shekara huɗu Fabrairu yana yin kwana 29. Abin da kaɗan suka sani shi ne gyaran da aka yi a 1582, zamanin Fafaroma Gregory na 13, wanda ya ce shekarar da ta cika ƙarni ba za ta sami wannan ƙarin kwana ba sai idan 400 ya raba ta ba saura. Shi ya sa Fabrairun 2000 ya yi kwana 29, na 1900 bai yi ba, na 2100 ma ba zai yi ba. Tambaya a kan 2100 tana da kyau ƙwarai ga manyan ɗalibai, domin wanda ya tsaya a rabawa da huɗu zai faɗi, wanda ya san dalili zai ci. Kalandar Habasha mai wata 13 ita ma tambaya ce mai tsafta.

Kada a manta da lissafin lokaci irin namu na gida. A tambayi yara wane wata ne ake kira watan azumin tsofaffi, su ce Rajab. A tambaye su wace rana aka haifi mai suna Balarabe ko Lami ko Asabe. A tambaye su wanne ya riga zuwa tsakanin hantsi da walaha, ko kuma "daren Juma'a" wane dare ne, tunda a lissafinmu dare ne yake riga yini, ke nan daren da ya biyo bayan yinin Alhamis ake nufi. Yaran da suka tashi tare da kakanninsu sukan yi zarra a nan, kuma abin farin ciki ne a ga ilimin da aka samu a tsakar gida ya kawo maki a gaban malamai.

Fasahar zamani. Babbar matsalar wannan fanni ita ce tambayar da ta fara da "Wa ya ƙirƙiro". Wa ya ƙirƙiro intanet? Wa ya ƙirƙiro kwamfuta? Waɗannan abubuwa ba mutum ɗaya ya yi su ba, aikin mutane da yawa ne cikin shekaru masu yawa. Akan rubuta Tim Berners-Lee a matsayin amsar ta farkon, alhali shi tsarin shafukan yanar gizo, wanda ake taƙaitawa da WWW, ya fito da shi a 1989, lokacin da tuni an shekara ashirin ana haɗa kwamfutoci a Amurka ta hanyar ARPANET. A maimakon haka sai a ɗaure tambayar da wani abu da ya faru a rana sananniya: wane injiniya ne na kamfanin Motorola ya fara buga waya da wayar hannu a 1973? Martin Cooper. Wace ƙasa ce ta fara harba tauraron ɗan'adam a 1957? Tarayyar Sobiyet. Wane ne ya fara zagaya duniya a sararin samaniya a 1961? Yuri Gagarin.

Na gida Najeriya ma suna nan da yawa. Layukan GSM sun fara aiki a 2001. Gidan talabijin na farko a ƙasar nan an buɗe shi a Ibadan a 1959. Tauraron NigeriaSat-1 an harba shi a 2003, sai dai a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha kuma aka harba shi, don haka "ƙera" da "harba" ba za su zauna a madadin juna ba. Zariya kanta tana da rabonta: a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Wani abin lura shi ne kamfanonin fasaha suna yawan sauya suna. Twitter ya koma X a 2023, kamfanin da ya mallaki Facebook ya koma Meta a 2021, layin da ya fara da sunan Econet kuwa sai da ya bi ta Vmobile da Celtel da Zain kafin ya zama Airtel. Duk tambayar da ta taɓa irin waɗannan, a rubuta tsohon suna da sabo a jikin katin amsa.

Lambobin yabo. A nan kalmar "na farko" ce take jawo rigima. Idan aka ce "Wane ɗan Afirka ne ya fara cin kyautar Nobel?" yawancin yara Wole Soyinka za su ce, wanda ya ci ta adabi a 1986, amma Albert Luthuli na Afirka ta Kudu ya riga shi da kyautar zaman lafiya ta 1960. Tambayar da ba ta da ja ita ce "Wane ɗan Najeriya ne ya fara cin kyautar Nobel, kuma a wane fanni?" Haka nan "Fanni nawa ake bayar da Nobel?" tana bukatar kulawa, domin da fanni biyar aka fara a 1901, sai a 1969 aka fara bayar da ta tattalin arziki. Birnin da ake miƙa ta ma biyu ne: ta zaman lafiya a Oslo, sauran a Stockholm. Waɗanda ba su da ruɗani sun haɗa da Malala Yousafzai, wadda ta karɓa a 2014 tana da shekara 17, da Wangari Maathai ta Kenya a 2004, da Marie Curie wadda ta ci sau biyu a fanni biyu daban. Ya kamata kuma yaranmu su san cewa Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal saboda hidima ga Musulunci a 1987, su kuma san cewa GCFR ita ce mafi girma a lambobin girmamawa na ƙasa, GCON tana biye da ita.

Kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka tana da wani tarko da ko manya ba kowa ya sani ba. A farkon shekarun 1990 kyautar iri biyu ce, hukumar CAF tana bayar da tata, mujallar France Football ma tana bayar da tata. A 1993 CAF ta zaɓi Rashidi Yekini, mujallar kuwa ta zaɓi Abedi Pele na Ghana. A 1994 CAF ta ba Emmanuel Amunike, mujallar ta ba George Weah. Idan za a tambayi waɗannan shekaru, dole a ce "ta hukumar CAF".

Wasanni. Wannan fanni ba ya bukatar dogon bayani, domin matasa sun fi malamansu saninsa, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa kuskure a cikinsa ba ya ɓoyuwa. Abu biyu za a kiyaye. Na ɗaya, sunan gasa ba kullum yake daidai da shekarar da aka buga ta ba: gasar cin kofin Afirka ta 2023, wadda Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe, a farkon 2024 aka buga ta, wasannin Olamfik na Tokyo 2020 kuma a 2021 aka yi su. Na biyu, akan sauya sakamako daga baya. Wanda ya ce Najeriya zinare biyu take da su a Olamfik, na ƙwallon ƙafa da na Chioma Ajunwa a Atlanta a 1996, ya manta cewa azurfar da 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka suka ci a Sydney a 2000 an mayar da ita zinare a 2012, bayan an ƙwace ta Amurka saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Tambayoyi masu tsafta kuwa ga su nan birjik: kofin Afirka uku da Najeriya ta ci a 1980 da 1994 da 2013, da Stephen Keshi wanda ya ɗaga shi yana kyaftin ya sake cinsa yana koci, da ƙwallo huɗu da Ahmed Musa ya ci a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, da Maroko wadda ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022. A bar wa dambe da kokawa da langa gurbi ko da na tambaya biyu ne.

Mataki na uku: rubuta kati da tantancewa

Kowace tambaya a rubuta ta a katinta daban, kada a jera su a takarda guda. Ana iya yanka kwali fari gida takwas. A fuskar katin a rubuta lamba da fanni da tambayar, da manyan baƙaƙe, ba tare da gajarta kalma ba. A bayansa a rubuta amsar, a ƙarƙashinta a rubuta sauran amsoshin da za a karɓa, sannan da jan biro a rubuta amsar da ake zaton yara za su faɗa bisa kuskure tare da dalilin ƙin karɓarta a layi ɗaya. Misali, a katin da ke tambayar mene ne ainihin abin da ake kira Big Ben a Landan, amsar ita ce babbar ƙararrawar, jan biron kuma zai ce, "Ba hasumiyar ba ce, ita sunanta Hasumiyar Elizabeth tun 2012." Da wannan layi guda alƙali zai kashe gardama cikin daƙiƙa biyar, kuma 'yan kallo su tafi da ƙarin sani.

Wanda ya rubuta tambaya ba shi ne zai tantance ta ba. A miƙa katunan ga mutum na biyu, aikinsa shi ne ya nemi hanyar da zai ci tambayar da wata amsa daban. Idan ya samu, tambayar ta koma gyara. Kowace shekara da kowane adadi a tabbatar da su daga wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Jerin tambayoyi da amsoshin da ake turawa a WhatsApp ba hujja ba ne, haka ma amsar da manhajojin hira suke bayarwa, sai an bi sawunta. Zariya ba ta rasa inda za a duba: ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ga malaman tarihi da na kimiyya a manyan makarantun garin, abin da ya shafi sarauta da hawa kuma a tambayi dattawan da suka san fada. Idan majiyoyi biyu nagari suka saɓa, a ajiye tambayar, komai daɗinta.

Mataki na huɗu: jera tambayoyi da adalci

A raba katunan kowane fanni gida biyu, masu sauƙi da masu wuya, ta yadda kowane rukuni zai sami ɗaya daga kowane gida. Mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi, bai kamata a tambayi wani rukuni ƙasar da ta fi cin kofin duniya, a tambayi na kusa da shi dokar shekarar 2100, sannan a ce maki ɗaya suke nema ba. A sa kowane kati a ambulan mai lamba, rukuni ya zaɓi lamba da bakinsa. Katunan su kwana a hannun mutum ɗaya wanda ba ya koyar da kowa daga cikin masu fafatawa, kuma ba shi da ɗa ko ƙane a cikinsu.

Mataki na biyar: ƙa'idoji

A rubuta su a takarda guda, a aika wa kowane rukuni mako ɗaya kafin gasa, a sake karanta su a gaban jama'a. Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne maki biyu ga amsar da rukuni ya bayar a kan tambayarsa, maki ɗaya na garaɓasa ga rukuni na gaba idan na farko ya kasa. A ba da daƙiƙa 20 na shawara, garaɓasa kuwa daƙiƙa biyar. Shugaban rukuni kaɗai ne zai furta amsa, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne amsarsu. Ana maimaita tambaya sau ɗaya idan an nema, amma agogo ba ya tsayawa. A kan sunayen ƙasashen waje da na mutanensu, in dai an gane wanda yaro yake nufi a karɓa, domin sani ake gwadawa, ba lafazin Turanci ba. A kuma fayyace tun da wuri ko sunan ƙarshe kaɗai ya isa.

Idan aka yi kunnen doki, hanya mafi tsafta ita ce tambayar adadi: kowane rukuni ya rubuta amsarsa a takarda, wanda ya fi kusa da daidai ya ci. Daƙiƙa nawa ne a yini da dare guda? 86,400. Tsawon gudun yada-ƙanin-wani kilomita nawa ne? 42.195. Ƙwallo nawa Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya? 37.

Mataki na shida: ranar gasa

Ana bukatar mai jefa tambaya, da mai kula da agogo, da mai rubuta maki a allon da kowa yake gani, da alƙalai uku waɗanda ɗayansu shi ne shugaba. Mai jefa tambaya ya karanta katunan da ƙarfi shi kaɗai kafin a fara, don harshensa ya saba da sunaye irin su Maathai da Gagarin. Mai agogo ya zauna inda masu fafatawa za su gan shi, ya ɗaga hannu idan saura daƙiƙa biyar, ya buga ƙararrawa idan lokaci ya cika. A gwada lasifika da makirfo tun da safe, a tanadi janareto ko batir. A karɓi wayoyin masu fafatawa, a kuma bar tazara tsakaninsu da layin farko na 'yan kallo. Idan wani ya raɗa amsa daga cikin jama'a, a soke tambayar nan take a ɗauko ta ajiya, ba tare da an hukunta yaran da ba su nemi taimakon ba.

Ƙorafi malamin da ya rako rukuni ne zai gabatar da shi, a ƙarshen zagaye, ba a tsakiyarsa ba. Idan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da ja a kan tambaya ta tara," shugaban alƙalai ya saurare shi har ya gama, ya juya katin ya karanta abin da ke bayansa. In ta tabbata cewa amsar yaron tana da fuska, a ba shi makinsa a bainar jama'a, a kuma faɗi dalili. A sanar da jimillar maki bayan kowane fanni, don kada kuskuren lissafi ya taru sai a ƙarshe.

Mataki na bakwai: bayan an tashi

Kada a zubar da katunan. A ware waɗanda babu rukunin da ya ci, da waɗanda kowa ya sani tun kafin a gama karantawa, da waɗanda suka jawo ƙorafi, a rubuta abin da ya faru a jikin kowanne. Sannan a sa alama a kan duk katin da amsarsa take iya tsufa, irin su mai riƙe da kofi, da wanda ya fi kowa cin ƙwallo, da yawan kambun da wata ƙungiya ta tara. Katin da ya ce Super Falcons sun ci kofin Afirka na mata sau tara ya daina zama daidai a watan Yulin 2025, lokacin da suka ci na goma a Maroko. Irin waɗannan katuna a rubuta musu ranar da aka tantance su a kusurwar sama, a ɗaure su daban da roba, duk wanda zai shirya gasa ta gaba ya fara da sake duba su kafin ya rubuta sababbi.